Yadda Ake Kwantar da Jirgin Fito a Gulbin Rima

 Abin da nake so in yi bayani a kansa a wannan fili shi ne yadda 'yan fito da masunta na ƙasarmu ta Gobir suke ɗaure jirgin ruwa idan dare ya riske su a gulbi, har ya kwana lafiya, su ma su kwana lafiya. Watakila wani ya ce, me ke da wuya cikin ɗaure jirgi? Ai turke ne da igiya, kamar yadda ake ɗaure akuya. To, akwai bambanci babba. Ƙasar da akuya take tsaye a kai ba ta tashi, ba ta sauka, ba ta kuma gudu. Shi kuwa ruwa yana yin dukan ukun nan, sau da yawa kuma cikin dare yake yinsu, lokacin da mai jirgi yake barci.

Abin da zan faɗa na samo shi ne daga wurare biyu. Na farko wurin kawuna, wanda fito ne sana'arsa tun yana saurayi, nakan kuwa taya shi kwalfar ruwa a jirgi lokacin hutun damina. Na biyu kuma darussan labarin ƙasa da na kimiyya da muke yi a aji. Na lura cewa abin da tsofaffi suka sani ta wurin daɗewa a ruwa, da abin da malamai suke zana mana a allo, duk hanya ɗaya suka bi.

Halin gulbinmu

Kafin a san yadda ake ɗaure jirgi, sai an san halin ruwan da za a ɗaure shi a ciki. Gulbin Rima ba daga wuri ɗaya yake samun ruwansa ba. Akwai Gagare, wanda ya biyo ta ƙasar Zamfara ya ratsa ta Ƙauran Namoda. Akwai Bunsuru, wanda ya taso daga wajen ƙasar Katsina ya gangaro ta ƙasar Isa. Sa'an nan akwai Gulbin Maraɗi, wanda shi ma daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya wuce ta Maraɗi da Tsibiri, ya sake komowa Nijeriya ya faɗa cikin Rima. Daga ƙasar Sabon Birni sai Rima ya karkata ya nufi Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kabi har su zuba cikin Kwara. A bakin wannan gulbi ne Gobirawa suka kafa birninsu na Alƙalawa, wanda mayaƙan jihadi suka ci a shekarar 1808, kufansa kuwa yana nan a ƙasar Sabon Birni.

Da rani yawancin gulaben nan yashi ne zalla, sai 'yan gurabun ruwa nan da can, har yara su ƙetare da ƙafa, amalanken shanu ya bi ta ciki. Amma daga watan Yuli zuwa Satumba sai su cika su batse, su malala cikin fadama. A lokacin nan ƙauyuka da yawa ba su da hanyar zuwa kasuwa, ko gona, ko asibiti, sai ta jirgin fito.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, amma a sha'anin gulbi, ruwan da bai dake ka ba shi ne abin tsoro. Ana iya yin ruwa kamar da bakin ƙwarya a ƙasar Katsina ko Zamfara, mu nan ko ɗigo ba mu gani ba, taurari tar a sama. Ruwan nan ba ɓacewa zai yi ba. Ƙoramu za su tattara shi su miƙa wa gulbi, shi kuma ya ɗauko shi ya yi ta tafiya, har ya iso mana bayan sa'o'i masu yawa, ko bayan kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka mai jirgi yana iya kwanciya ruwa iya gwiwa, ya farka ya tarar da shi iya ƙirji. Duk dabarun da zan lissafa a ƙasa, saboda wannan ne aka ƙago su.

Zaɓen makwanci

Abu na farko shi ne wurin da za a tsaya, kuma tun rana ba ta faɗi ba ake zaɓensa, domin da ido ake gane shi. Gulbi ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake yi kamar maciji. A kowace lanƙwasa akwai gaɓar waje da gaɓar ciki. A gaɓar waje ruwa ya fi gudu, ya fi zurfi, kullum kuma cikin cin ƙasa yake ta ƙarƙashi. Za ka ga gaɓar a tsaye kamar katanga, saiwoyin itatuwa a waje suna reto. Duk yadda inuwar wurin ta yi daɗi ba a kwana a nan, don gaɓar tana iya zubowa kan jirgi cikin dare, ta nutsar da shi da abin da ke ciki.

A gaɓar ciki kuwa ruwa a hankali yake tafiya, shi ya sa yake ajiye yashin da ya ɗauko. Nan ya fi lafiya. Wanda ya fi duka kyau shi ne ɗan lungun da ruwa ya shiga ya kwanta, bayan wani tudun yashi, ko bayan tsibiri, ko bakin wani tafki na fadama da ya haɗe da gulbi. Yadda ake gwada shi da sauƙi: a jefa kara ko ganye a ruwan. In ya wuce da sauri, wurin bai yi ba. In ya tsaya yana 'yar kewayawa a hankali, to, an sami makwanci. Amma in aka ga ruwan yana juyawa da ƙarfi yana haɗiye karan, a nisanci wurin, akwai rami a ƙasa.

Akwai wani wuri mai yaudara, watau bakin busasshiyar ƙorama. Da yamma za ka gan shi shiru, ga yashi mai laushi, ga sauƙin hawa tudu. Amma in aka yi ruwa a dajin da ƙoramar ta fito, nan take za ta kawo, da ƙarfi kuwa, ɗauke da itace da ƙaya da tarkace. Jirgin da ya kwana a bakinta shi zai fara karɓar dukan.

Sai kuma a dubi iska. A ƙasarmu hadarin damina daga gabas yake tasowa, iska mai ƙarfi kuma takan riga ruwan isowa. Don haka gara a sami lungun da tudu ko kurmi ya kare shi ta gabas. Sai dai kada a raɓe ƙarƙashin doguwar itaciya wadda take tsaye ita kaɗai, saboda tsawa, da kuma karyewar reshe.

Daga ƙarshe a soka sandar tuƙi a ji ƙasan wurin. Laka mai ɗan tauri ita ta fi riƙe turke. Yashi zalla ba shi da amana, ruwa yakan zare shi daga gindin turke kaɗan kaɗan har turken ya kwanta.

Turke da igiya

In an sami wuri, sai a juya goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa yake fitowa. Dalili shi ne, goshi siriri ne, ruwa yakan tsage ya wuce ta gefensa biyu. In kuwa jirgi ya gicciya, duk tsawon jikinsa ne zai tare ruwa, ya zama kamar an datse gulbi da ƙyaure. Malaminmu na kimiyya ya nuna mana cewa in gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake tura abu da shi yakan ninka sau huɗu ne, in ya ninka sau uku, ƙarfin ya ninka sau tara. Ke nan igiyar da ta riƙe jirgi da magariba ba lalle ba ne ta riƙe shi da tsakar dare, in gulbi ya kawo.

Turke biyu ake kafawa, ɗaya na goshi, ɗaya na baya. Na goshi shi ne babba, shi ke ɗauke da nauyin jirgi duka. A kan tudu ake kafa shi, sama da inda ruwa yake, a kuma ɗan karkatar da kansa baya ga ruwa, yadda in igiya ta ja sai ya ƙara nutsewa cikin ƙasa maimakon ya tumɓuke. In akwai itaciya mai rai wadda take nesa da bakin gaɓa, kamar giyayya ko bagaruwa, waɗanda suka saba da tsayawa cikin ruwan fadama, to, ta fi kowane turke. Amma ba a ɗaure jirgi a jikin busasshen kututture, ko a itacen da ruwa ya kawo ya yar, domin ruwan da ya kawo shi yana iya dawowa ya ɗauki abinsa, ya haɗa da jirginka. Aikin turken baya kuwa shi ne ya hana jirgi lilo, kada ya riƙa bugun gaɓa ko ya gicciya.

Yanzu sai maganar da ta fi kowace muhimmanci, watau sassaucin igiya. Wanda bai sani ba yakan ɗauka cewa ɗauri mai kyau shi ne a ja igiya ta yi tamau. A gulbi wannan shi ne hanyar asara. In an ɗaure goshin jirgi da gajeriyar igiya a turken da ke ƙasa, sa'an nan ruwa ya ƙaru, jirgin zai so ya tashi tare da ruwa, igiya kuma ta danne kansa. Ɗayan biyu ne zai faru: ko turke ya tumɓuke jirgi ya bi ruwa, ko goshi ya nutse ruwa ya cika shi. In kuma ruwa raguwa ya yi, sai jirgin ya rataya a gaɓa, gefe ɗaya a tudu gefe ɗaya a ruwa, ya karkace ya ɗebi ruwa. Maganin duka biyun shi ne doguwar igiya da aka ɗaure nesa, a kan tudu, aka kuma bar mata sassauci kamar gaba ɗaya ko biyu. Kawuna yakan ce mini, "Ɗana, jirgi baƙon ruwa ne. In mai gida ya miƙe tsaye, bar baƙo shi ma ya miƙe."

Ƙullin ma akwai irin wanda ake yi. Ana naɗa igiya sau biyu a jikin turke tukuna, sa'an nan a ƙulla, yadda naɗin ne zai ɗauki nauyi, ƙullin kuwa a iya kwance shi cikin duhu da hannu ɗaya in ta kama a tashi da gaggawa. Igiyar rama takan kumbura in ta jiƙe, ƙullinta ya yi tauri, kuma takan ruɓe in ta daɗe cikin ruwa. Igiyar roba ta kasuwa ba ta ruɓa, amma tana da santsi, rana kuma tana cinta har ta riƙa marmashewa. Kowace aka yi aiki da ita, a duba inda take gogar bakin jirgi, a naɗa tsumma a wurin, don a nan igiya take fara tsinkewa.

In babu tudu kusa

Wani lokaci, musamman cikin watan Agusta, ruwa yakan shafe fadama har a rasa busasshen wurin kafa turke. Manyan jiragen teku suna da wani ƙarfe mai ƙugiya da ake kira anga, wanda suke saki ya kama ƙasan ruwa. Mu namu angar dutse ne mai nauyi da aka ɗaure tam da igiya, ko buhu da aka cika da yashi. Dokar matuƙan teku ta shafe mu mu ma: tsawon igiyar da za a saki ya ninka zurfin ruwan kamar sau 5 zuwa 7. Alal misali, in zurfin ruwa mita 2 ne, a saki igiya mita 10 ko fiye. In igiya ta yi gajarta, jirgi zai riƙa ɗaga dutsen sama duk lokacin da ya motsa, har ya ja shi su tafi tare. In ta yi tsawo kuwa, a kwance za ta riƙa jansa, sai ya ƙara cusa kansa cikin laka. Daga goshi ake sakin dutsen, ba daga gefe ba, kuma a tabbata ƙafar kowa ba ta cikin naɗin igiya lokacin sakin. Bayan haka sai a kafa sandar tuƙi a gefen baya, a sa mata igiya sako-sako yadda jirgi zai iya hawa da sauka a jikinta.

Kafin a kwanta

An ɗaure jirgi, amma aiki bai ƙare ba. Da farko a sauke mutane da kaya masu nauyi zuwa tudu, in akwai tudu. Hatsi da gishiri da taki su ne farkon fita, a rufe su da leda ko tabarma. A kwalfe duk ruwan da ke cikin jirgi, a duba ko akwai inda yake yoyo a toshe da auduga ko tsumma, a kuma ɗaure ƙwaryar kwalfa da filafili a jikin jirgi don kada su bi ruwa. In jirgin mai inji ne, a ɗaga injin daga ruwa, a nisanta jarkar fetur daga inda za a hura wuta.

Kada a raina ruwan sama da zai zuba cikin jirgi. Ga wani ɗan lissafi da kowane ɗalibi zai iya yi. Ruwan sama na milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1, lita 1 ke nan, nauyinsa kilo 1. A ce buɗaɗɗen bakin jirgi ya kai murabba'in mita 10, aka kuma yi ruwa milimita 50 cikin dare, to, lita 500 ce ta shiga jirgin, watau nauyin buhun siminti 10. Jirgin da aka bar shi da kaya, aka ƙara masa wannan, da wuya ya ga safiya a bisa ruwa. Saboda haka in hadari ya sauka, dole wani ya tashi ya yi kwalfa, ko da ruwan bai ɗauke ba.

Sa'an nan akwai wata 'yar dabara mai araha wadda ta fi agogo amfani. A sami kara a soka shi daidai inda ruwa ya tsaya a bakin gaɓa, a soka wani kamar taku biyu sama da shi. Duk wanda ya farka sai ya haska ya duba. In ruwa ya bar karan farko a tudu, gulbi yana ja, sai a tura jirgi cikin ruwa kaɗan don kada ya zauna a laka. In ruwa ya taɓa na biyu, gulbi ya kawo, sai a tashi kowa, a ƙara wa igiya sassauci, a matsar da kaya sama. Wasu alamun kuma su ne ruwa ya yi ja ya yi kauri, a ga kumfa da kara da kashin shanu suna wucewa, a kuma ji ƙugin gulbi ya sake. In mutane sun kai biyu ko uku, sai su raba dare, wannan ya yi barci wancan ya yi tsaro. A kwanta a kan tudu cikin gidan sauro, a kakkaɓe takalmi da tabarma kafin a taɓa, domin ruwan da ya kore mu zuwa tudu, ya kori maciji da kunama zuwa can su ma.

Don me ba za a ƙetare kawai ba?

Wannan ita ce tambayar da fasinja suke yi wa ɗan fito kullum. Ga gari can ana hango wutarsa, me zai sa a kwana a daji? Amsa ita ce, matuƙi da ido yake tuƙi. Da rana yana ganin kututturen da ruwa ya ɗauko, yana ganin inda ruwa yake juyawa, yana ganin ramin da ke gaba ta wurin launin ruwan. Da dare duk wannan ya ɓace masa. In kuma tsautsayi ya auku, masu ceto ba za su ga wanda za su ceta ba. Saboda haka ne Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare a kan ruwa, dokokinta na 2023 kuma suka wajabta wa kowane fasinja sanya rigar kariya, suka hana lodin da ya wuce kima.

Mun kuma ga abin da ruwa yake iya yi a jiharmu. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta ci garuruwa da gonaki masu yawa a kwarin Rima. A watan Afrilu na 2022 jirgi ya kife a ƙasar Shagari, aka rasa mutum 29, yawancinsu yara ne sa'o'inmu. A watan Agusta na 2025 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. A cikin watan nan dai aka sake rasa rayuka a Garin Faji, cikin ƙasar Sabon Birni, inda mutanen da suke gudun 'yan bindiga suka cika jirgi ya kife da su. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba iyalansu haƙuri.

Na san wanda aka koro daga gidansa ba ya da zaɓin lokacin tafiya, ba kuma wanda zai ga laifinsa. Amma wannan ma yana ƙara nuna amfanin abin da nake faɗa. Jirgin da aka kwantar da shi yadda ya kamata, an kwalfe shi, filafilinsa da sandarsa suna ciki, ƙullinsa mai saurin kwancewa ne, shi ne zai yi amfani ran da aka bukace shi da gaggawa, ko don mai naƙuda, ko don wanda maciji ya sara, ko don gudun tsira. Wanda aka yi wa ɗaurin ganganci kuwa, ran da aka neme shi sai a tarar ya cika da ruwa, ko a tarar da igiya kaɗai. Jirgi ɗaya in ya bi ruwa, ba mai shi kaɗai ya yi asara ba, ƙauye guda ne aka yanke wa hanya.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu masu zuwa cin kasuwa da damina, su riƙa tashi da wuri, yadda la'asar za ta yi musu a bakin mashiga. In kuwa dare ya yi, ɗan fito ya ce ba zai tuƙa ba sai da safe, kada a matsa masa, kada a yi masa gori, kada kuma a ƙara masa kuɗi don ya canza magana. Ya fi mu sanin ruwan nan. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda gidajensu suke hayin gulbi, in an ba da hutu ku zauna da tsofaffin 'yan fito da masunta na garinku ku tambaye su, ku koyi ƙullin igiya da hannunku, ku koyi iyo a wuri marar zurfi tare da babba. Ilmin nan ba a rubuta shi a littafin aji ba, in masu shi suka shuɗe ba mu karɓa ba, ya tafi ke nan. Tafiya sannu sannu, in ji masu iya magana, kwana nesa.

Allah ya kiyaye mu da sharrin ruwa, ya ba mu albarkarsa, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya, amin. Haza wassalam.